Bayan Jiniya Ta Yi Shiru

Akwai wata mujadala da ba ta tsufa a ƙofar gidan wani dattijo a nan Dakoro, inda muka saba shimfiɗa tabarmi tsakanin la'asar da magariba, kuma ko da yake masu yin ta sun daɗe da sanin cewa babu wanda zai kayar da wani, ba sa fasa tono ta duk ranar da zancen kuɗin hatsi da na bisashe ya ƙare. Su uku ne, dukansu haifaffun ƙasar nan, dukansu kuma farin 1973 da 1974 ne ya raba su da gonakin iyayensu suna samari. Ɗaya ya tsaya a Maraɗi ya ci abinci a injin matsar man gujiya, wato gyaɗa a bakin mutanen Kano. Ɗaya ya ƙetare iyaka har Kaduna ya shiga masaƙa a Kakuri. Na ukun ya yi arewa, ya wuce Agadas, ya samu aiki a ma'adinin uraniyom na ƙasar Arlit. Yau gemun kowannensu ya yi fari, ayyukan da suka ci ƙuruciyarsu wasu sun mutu wasu suna shure-shure, kuma abin da suke jayayya a kansa shi ne: a cikin garuruwan nan da makamantansu, waɗanda masana'anta ta tara wa jama'a sa'an nan ta juya musu baya, wanne ne ya fi daɗin zama?

Da fari na ɗauki abin hirar tsofaffi ce kurum, irin wadda kowa ke yabon inda ya yi samartaka, domin da wuya mutum ya rarrabe tsakanin daɗin gari da daɗin shekarunsa na ashirin. Amma da na daɗe ina saurare, sai na lura cewa a ƙarƙashin gardamar akwai mas'ala wadda malamai magabata suka yi wa bincike mai zurfi, ita ce sanin abin da ke mai da taron gidaje gari, da abin da ke riƙe shi idan sababin da ya tara mutanensa ya gushe, da kuma ko arzikin bawa a ɗaure yake da wani wuri ko kuwa wurin tasha ce kawai da arzikin ke ratsawa.

Turawa suna da al'ada, kowace shekara su jera birane bisa maki, su auna kuɗin haya da yawan asibitoci da kyawun hanyoyi da tsabtar iska, su ce wannan ne na ɗaya wancan ne na ɗari. Ban raina wannan awo ba, domin mai ciwo ya san amfanin asibiti. Sai dai ya kamata a tuna cewa mafi shahara daga cikin jerin nan an ƙirƙiro su ne domin kamfanoni su san abin da za su ƙara wa ma'aikacin da suka tura baƙuwar ƙasa. Wato mizani ne na mai albashi a aljihu, wanda ke zaɓen inda zai kashe shi. Dattawanmu kuwa suna tambaya ne a madadin wanda albashinsa ya yanke, ya wayi gari da mata da ƴaƴa a garin da ba a binne cibiyarsa ba, kuma wannan mutum yana bukatar wani mizani daban.

Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a shekarar 1377, ya keɓe fasali ga abin da ya wajaba a duba kafin a kafa birni, ya kasa shi gida biyu: tunkuɗe cuta da jawo amfani. A wajen tunkuɗe cuta ya ambaci ganuwa da wurin da abokan gaba ba za su iya afka wa cikin sauƙi ba, da iska mai lafiya. A wajen jawo amfani ya ambaci ruwa kusa, da makiyaya, da gonaki, da itacen wuta da na gini. Har ya zargi Larabawan farko da suka kafa Kufa da Basra da Ƙairawan da cewa ba su duba kome ba sai abin da ya dace da raƙumansu, shi ya sa irin waɗannan garuruwa suka fi saurin komawa kufai. To, wanda ya karanta wannan fasali, sa'an nan ya dubi yadda ake zaɓen wurin kafa masana'anta, zai ga cewa mai kamfani ma raƙuminsa yake dubawa, sai dai raƙumin nasa dutse ne mai ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, ko layin dogo, ko gonakin auduga, kuma mutanen da za su zo daga baya su haifi ƴaƴa a wurin ba su cikin lissafinsa na farko.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Arlit. An kafa garin a 1969 a cikin hamada tsagwaronta, inda babu gulbi babu gona, domin kamfanin SOMAIR da ya fara fitar da uraniyom a 1971. Daga baya aka kafa COMINAK a 1974, aka gina wa ma'aikatanta Akokan, aka haƙa rami mai zurfi a Akuta. Ruwan sha daga can ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga taskar da ruwan sama na wannan zamani ba ya mayar mata da abin da aka ɗiba. Hatsi da albasa da itace kuwa a bayan manyan motoci suke zuwa daga kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Duk da haka tsohon da ya yi aiki a can shi ne ya fi kowa zafi wajen kare garinsa, kuma yana da hujja. Yakan ce a zamanin da mu nan Dakoro muke jan guga da jaki daga rijiya mai gaba da yawa, shi famfo yake murɗawa a cikin gida. A zamanin da muke hira da fitilar ƙwai, shi lantarki ke kwana a ɗakinsa. Matarsa ta haihu a hannun likita, ƴaƴansa sun yi karatu. Wannan duka gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa ɗauko mai naƙuda a amalanke cikin dare ba bai cancanci ya yi masa dariya ba. Abin da nake ce masa kawai shi ne, duk ni'imomin nan da ya lissafa daga hannu ɗaya suka fito, kuma hannun da ya shimfiɗa tabarma shi ke da ikon naɗe ta. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta, bayan an fitar da wajen tan 75,000 na uraniyom, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki ban da ƴan kwangila da masu sayar musu da abinci, aka bar tudun ƙasar da aka tace, miliyoyin tan, wadda gubarta za ta daɗe fiye da jikokin jikokin waɗanda suka haƙo ta. Garin bai watse ba, domin ɗaya ma'adinin yana nan, ga zinariyar da aka gano a arewa tun 2014, ga matafiya masu bin hanyar Assamaka zuwa Aljeriya. Amma mai hankali ya san bambancin gari da zango, ko da zangon ya cika ya batse.

Maraɗi kuwa labarinta daban ne, kuma a kanta nake so in daɗe, domin ita ce uwar garuruwanmu kuma ita muka fi sani. Katsinawan da suka rasa Birnin Katsina a yaƙin jihadi, wajen 1807, su ne suka kafa mulkinsu a kwarin Gulbin Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma sun zaɓi wurin ne daidai da sharuɗɗan da Ibnu Haldun ya zana ko da ba su karanta shi ba: kurmi na ɓuya, ruwa kusa, fadama mai albarka. Gulbin nan da ya ciyar da su shi ne ya cinye tsohon gari a ambaliyar 1945, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. A lokacin gujiya ta riga ta zama sarauniya. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila a Kano a 1912 fatake suka fara neman ta, kantunan Faransawa irin su CFAO da SCOA suka kafa ma'auni, aka gina injin matsar mai na SICONIGER a farkon shekarun 1940, bayan mulkin kai kuma gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin a hannunta. Aka ƙara da majemar fatu da injin gurzar auduga. Sai fari ya zo, cuta ta afka wa gujiya a 1975, manomi ya ga cewa buhun gero a rumbu ya fi masa takardar awo, ya koma ga hatsi da wake, injuna suka rasa abin niƙa.

In da Maraɗi garin injin ce, da nan ta kwanta. Amma alhazan garin, waɗanda da yawansu suka fara da sayen gujiya a ƙauyuka suna kai wa Turawa, sun riga sun koyi abin da ya fi gujiya daraja, wato sanin hanya da sanin mutane da riƙon amanar bashi, kuma tun lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, suka gane cewa iyakar da Turawa suka shata tsakaninsu da ƴan uwansu na Katsina ita kanta gona ce. Suka koma fiton kaya daga tashar ruwan Kwatano zuwa kasuwannin Nijeriya, atamfa da shadda da taba da shinkafa, su sayo mai da siminti da taki. Garin da ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 44,000 a cikinsa, ƙidayar 2012 ta samu fiye da 267,000. Wanda aka sallama daga injin bai rasa ƙofar da zai buga ba: ko ya zama yaron wani alhaji, ko ya kama lambu a gulbi, ko ya yi dillanci, ko ya tura kura, ko ya koma allonsa a wajen malamin unguwa. Wannan yawan ƙofofi shi ne babbar hujjar tsohon Maraɗi, kuma a ganina hujja ce mai nauyi.

Sai dai akwai ranar da tsohon Kaduna ya saurare shi har ya gama, ya gyara zama, ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, amma atamfar da ta gina benayen garinku ita ce ta rufe mana ƙofar masaƙa." Wurin ya yi tsit, domin kowa ya san bai yi ƙarya ba. Masaƙar Kaduna ta farko, KTL, an buɗe ta a 1957 a zamanin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, domin audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ta daina tafiya Ingila ta dawo mana a tufa. Wasu masaƙu suka biyo ta har Kakuri ta zama unguwar da dubban mutane ke fita aiki da busar jiniya, dare da rana. An rufe KTL a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Dalilan suna da yawa, akwai rashin lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da sakacin masu riƙo. Amma babu mai musun cewa atamfa mai araha daga ƙasar Sin, wadda aka hana shigo da ita ta gaba ta riƙa shigowa ta baya, tana cikin manyansu, kuma da yawa daga cikinta ta ƙasarmu ta ratsa. Tun ranar nan na daina ganin kwatanta garuruwa kamar kwatanta raguna biyu a kasuwa, kowanne da igiyarsa. Garuruwan nan igiya ɗaya ce ta ɗaure su, har ta yiwu daɗin zaman wani daga wahalar wani aka yanko shi, kuma mizanin da bai iya ganin wannan ba, ko na Bature ne ko na dattijo, akwai tauye a cikinsa. Ban ce ɗan kasuwar Maraɗi ya yi haramun ba. Wannan hukunci na malaman fiƙihu ne, kuma sun san saɓanin da ke cikin mas'alar kuɗin fito. Na ce dai wanda ke godiya a kan ni'imar garinsa ya kamata ya san ta inda ta biyo.

Akwai kuma abu na biyu da ke rage wa hujjar Maraɗi ƙarfi. Kamar yadda Arlit ta jingina da dutse, haka Maraɗi ta jingina da iyaka, kuma mabuɗin iyaka ba a hannunta yake ba. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowane karo masu dako da ƴan kamasho da masu tuwo a tasha su suka fara ji a jikinsu. Ba mu manta da 2005 ba, shekarar da jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ta zama inda aka fi ganin yara masu tamowa, alhali hatsi na jibge a kasuwa ga mai kuɗin saye. Gari na iya cika da dukiya ya kasa ciyar da yaron da ke bayan ganuwarsa.

Garuruwan da jirgin ƙasa ya raya a arewacin Nijeriya, irin su Ƙaurar Namoda inda layi ya tsaya a 1929, da Nguru inda ya tsaya a 1930, ba sai na daɗe a kansu ba, domin hukuncinsu ɗaya ne: da gujiya ta tafi, jirgi ya daina zuwa, kowanne ya koma ga abin da yake da shi kafin jirgi, Nguru ga fadamunta da kifinta da kasuwar dabbobi, Ƙaura ga noma. Amma Gusau tana da darasi na musamman. Ga gulbi, ga ƙasar noma wadda mu mutanen Dakoro za mu yi mafarkinta, ga auduga, ga tsohuwar masaƙa, har ta zama babban birnin jiha a 1996. Sharuɗɗan jawo amfani sun cika mata. Sai ga shi sharaɗin tunkuɗe cuta ya warware, ƴan bindiga suka hana manomi zuwa gona da matafiyi bin hanya a ƙasar Zamfara da maƙwabtanta, har daga 2019 dubban mutane suka ƙetaro suka fake a ƙauyukan Gidan Rumji da kewaye, suka bar ƙasa mai dausayi suka zo ƙasar rairayi. Malaman tafsiri sun daɗe da lura cewa a addu'ar da Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Makka a cikin Suratul Baƙara, ya gabatar da roƙon aminci a kan roƙon ƴaƴan itace. Haka nan a hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da wanda aka tattara wa duniya, an fara ambaton kwanciyar hankali a cikin iyali, sa'an nan lafiyar jiki, sa'an nan abincin yini. Da ina karanta wannan jeri a matsayin fasahar magana. Ƴan gudun hijirar nan ne suka fassara mini shi da ƙafafunsu.

A ƙasashen Turawa, idan masana'anta ta mutu, garin yakan zube. Youngstown ta ƙasar Amurka, garin narkar da ƙarfe, tana da mutum 170,000 a 1930. A watan Satumba na 1977 aka sanar da rufe babbar ma'aikatarta, mutum wajen 5,000 suka rasa aiki, kuma a ƙidayar 2020 saura kimanin 60,000, unguwanni sun zama fili, ciyawa ta cinye tituna. Mu namu garuruwan ba sa zubewa, kumbura suke yi, domin haihuwa ba ta tsaya ba, ƙauye kuma bai daina turo ƴaƴansa ba. Saboda haka cikar gari a wajenmu ba shaidar lafiyarsa ba ce, kamar yadda kumburin ciki ba shaidar ƙoshi ba ne, kuma kufan da ke cike da mutane ya fi wuyar ganewa a kan kufan da kowa ya bari.

Me ke nan masana'anta ke tafiya da shi idan ta tafi, tun da ba ta tafiya da mutane? Na daɗe ina juya wannan, har na samu bakin zaren a wajen Imam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 450 bayan hijira. A cikin littafinsa Adabud Dunya wad Din ya lissafa ginshiƙai shida da duniya ke gyaruwa da su, biyar daga ciki kowa zai iya cankarsu, addini da shugabanci da adalci da aminci da wadata, amma na shidan shi ne abin mamaki, domin cewa ya yi fata mai yalwa, irin wanda ke sa mutum ya gina abin da ransa ba zai kai ya ci moriyarsa ba, har na baya ya tarar da abin da na gaba ya bari. Albashin wata, ko da kaɗan ne, abin da yake bai wa talaka ke nan. Tsohon Kaduna ya taɓa gaya mini cewa kuɗin masaƙa bai taɓa isarsa ba, ko wata ɗaya, amma saboda ya san ranar da zai zo, mai kanti na ba shi bashi, surukai sun ba shi mata, ya shiga adashi, ya sa yaro a makaranta yana lissafin shekara shida gaba. Da jiniya ta yi shiru sai lissafinsa ya dawo daga shekaru zuwa yini. Ya kuma ce a gaban injin ba a tambayar wanda ke kusa da kai ko masallaci yake zuwa ko coci, domin zare ɗaya kuke kamawa. Bayan rikicin shekarar 2000 kuwa, lokacin da masaƙu ke numfashin ƙarshe, sai kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren da nasa suka fi yawa, shi ma daga nan ya fara ɗaure kaya.

A nan wani almajiri mai kaifin basira zai iya tsayar da ni ya ce: Allah gafarta Malam, ashe ba dogon buri ne malaman zuhudu suka yi ta gargaɗi a kansa ba? Ashe hadisin da ka kawo da kanka bai tsaya a kan abincin yini ɗaya ba? In haka ne, wanda lissafinsa ya dawo yini ai kusantar da shi aka yi ga tawakkali, kuma tambayar wane gari ya fi daɗi ba ta da tushe, tun da Mai arzurtawa ɗaya ne a Arlit da Maraɗi da Kakuri. Wannan ƙalubale ne na gaske, kuma ba na so in wuce shi da gaggawa. Amsata ita ce, ƙana'a da abincin yini magani ne da aka ba zuciyar mutum ɗaya domin kada kwaɗayi ya halaka shi, kuma na ga tsofaffin ma'aikata da wannan magani ya riƙe su da mutuncinsu a halin da wani zai zauce. Amma ba a ba shugabanni shi domin su yi wa talakawa wa'azi da shi ba, kuma ba a gina gari da shi. Wanda ya dasa gawo a gona, wanda ya haƙa rijiya gaba arba'in, wanda ya aurar da ɗiya, duk sun yi lissafin abin da ya wuce yini, kuma babu malamin da ya ce sun saɓa tawakkali; ai wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara, umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya ɗora wa mai mulki nauyin raya sana'o'i, da tabbatar da cewa kowane gari yana da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da tanadin abinci. Abin lura, bai ce a tara wa gari sana'a ɗaya ba. Wani abin lura kuma, wanda ba na iya wucewa ban yi murmushi ba, shi ne nasihar an rubuta ta ne ga mutumin da nasararsa ta kori kakannin Maraɗawa daga Katsina, sai ga shi jikokin korarrun ne suka wayi gari da garin da ya fi kama da abin da aka siffanta.

Game da ko arziki a ɗaure yake da wuri, mu mutanen wannan yanki bai kamata mu yi dogon musu ba, domin Birnin Lalle na nan kusa da mu, inda tarihin Gobirawa ya ce sarakunansu sun zauna bayan sun baro Azbin, yau kuwa sai an nuna maka kafin ka san an taɓa yin fada a wurin. Alƙalawa da ta gaje ta daga baya ta faɗi a 1808. Gobirawa ba su ƙare ba. Sun ɗauki abin da ke ɗaukuwa, harshe da zumunta da sana'a da sarauta, suka kafa Tsibiri. Alƙur'ani ya tunatar da waɗanda aka raunana cewa ƙasar Allah mai faɗi ce, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar cin rani ko fatauci abin kunya ba. Don haka ba na ganin laifin wanda ya bar garin da ya mutu masa, ba na kuma ganin wautar wanda ya zauna domin kabarin iyayensa da maƙwabtan da suka san sunan kakansa.

In an matsa mini sai na zaɓa, kuma dattawan nan sun sha matsa mini, to ga wanda albashinsa ya yanke Maraɗi nake zaɓa, tare da tabon nan biyu da na ambata, waɗanda ba na yafe mata su. Dalilina shi ne a can mutum zai iya faɗuwa daga aiki ba tare da ya faɗi daga cikin mutane ba, akwai wanda zai ba shi jari na yini, akwai wanda zai zo sunan ɗansa, akwai wanda zai yi masa wanka ya bi shi makabarta ba don sun yi aiki a injin ɗaya ba. Tsohon Arlit bai taɓa yarda da wannan hukunci ba. Yakan ce ni malami ne, ban taɓa kwana da ciwon haƙori a garin da babu likita ba, in ba haka ba da ban raina famfo da asibiti ba. Nakan ce masa ban raina ba. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa musu a fili ba saboda kunya, shi ne dukansu uku, bayan duk yabon nan, a Dakoro suke zaune, garin da Faransawa suka mai da bariki a 1947, wanda bai taɓa jin jiniyar masana'anta ba, wanda ruwansa ke da nisa kuma damanarsa ba ta da alkawari, abin da yake da shi kawai kasuwar bisashe da gero da dangi.

Ran nan muna zaune, autan tsohon Arlit ya zo ya durƙusa gefen tabarma, ya gaida kowa, ya ce, "Baba, motar da zan bi gobe da asuba za ta tashi." Zinariya za shi nema a arewa, can bayan Agadas, inda ake kafa garuruwan bukkoki cikin wata guda. Tsohon Kaduna ya buɗe baki zai yi magana, ina jin zancen ramin da ya rufta da mutane a ƙasar Ɗan Isa a 2021 zai ɗauko, sai tsohon Maraɗi ya taɓa masa gwiwa ya yi shiru. Uban ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago bai tambayi nawa ake samu ba. Ya ce, "Ruwan da kuke sha a can, daga ina ake kawo shi?" Yaron ya ce a tanka ake kawowa, ana sayar da jarka. Ya ce, "Wa ke can daga cikin mutanenmu?" Yaron ya lissafa mutum huɗu, biyu ƴan Kornaka, ɗaya ɗan Sakabal, ɗaya ɗan ƙanwar uwarsa. Tsohon ya ce a maimaita masa sunan na ƙarshen, aka maimaita. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, a yi masa fatiha," muka ɗaga hannu, ladan na gyaran murya a masallacin bayanmu.